Busasshiyar Fuskar Kawu Mokete

Da baya-baya Kananelo take gangarowa a kan dusar ƙanƙara, kamar yadda ta saba in ta samu sabon ɗalibi, hannayenta cikin na wata ƙatuwar mata 'yar birnin Durban da ta ƙanƙame ta kamar za ta karya mata yatsu.

"Ni za ki kalla, Mme, uwata, ba ƙasa ba! Ƙasa tana nan, ba inda za ta!"

"Na rantse mutuwa zan yi, 'yar nan!"

"Ba wanda ya taɓa mutuwa a hannuna. Haɗe bakin katakon zamiyar... yauwa, kin ga kin tsaya!"

Da yake fuskarta na kallon sama, ita ta fara hango dokin yana saukowa daga kan tudu, ta hanyar da ta fito daga ƙauyensu.

Kawu Mokete ne.



Duk wanda ke aiki a filin zamiyar ƙanƙarar nan ya san inda tsohon ya je da sassafe. Gidan mahaifinta ya je, roƙon moɗar ruwa, wato nema wa ɗan ƙanwarsa, Seabata, aurenta. In an ba da yarinya, man shanu ake lafta wa ɗan aike a fuska, ya dawo yana ƙyalli, tun daga nesa mata su kaure da guɗa.

Ta ƙura ido.

Rana ta haske fuskar tsohon tar.

A bushe take ƙayau, kamar tsohuwar fata.

Ƙafarta ta goce. Kananelo, wadda take koyar da zamiya a ƙasashe biyu, wadda rabonta da faɗuwa har ta manta, ta zube rigijib a gaban ɗalibarta.

"Au! Malama ma tana faɗuwa?" in ji matar Durban.

Ba wanda ya yi dariya.

A ɗakin injuna ta same su. Seabata na zaune kan bututun ruwa ya haɗa kai da gwiwa, Kawu Mokete yana gasa hannu a jikin murhu, bargonsa duk ƙura.

"Kawu, me ya ce?"

"Zauna tukuna, 'yata."

"Ba zan iya ba. Me Ntate ya ce? Me babana ya ce?"

Tsohon ya ja numfashi. "Ko kunu bai bari an kawo mini ba. Cewa ya yi in gaya wa yaron nan: ƙanƙara ta ci masa ɗa, ƙanƙara ta janye masa 'ya, ba zai ɗauki ruwan gidansa ya ba mai ƙera ta ba."

Ta dafe ƙirji.

"Mai ƙera ta? Wa ya gaya masa?"

Abin da suka faɗa wa mahaifinta shi ne Seabata mai gyaran famfo ne. Ba ƙarya suka yi ba, sun dai rage zance. Famfunan da yake gyarawa su ne masu tura ruwa cikin injunan da ke fesa dusar ƙanƙara a kan gangaren, in sama ta yi rowa. A duwatsun Maluti na ƙasar Lesotho sama takan yi rowa sosai. Ba don Seabata ba, da rabin hunturu ciyawa baƙi za su tarar.

Shi kuwa mahaifin nata, Ntate Sekhoane, tun ranar da aka tsinci babban ɗansa Lebusa a sandare a hanyar mashekarin tumaki, ko sunan dusar ƙanƙara ba a kira a gabansa.

Seabata ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa, amma sai da ya yi mata murmushin nan nasa mai karkata gefe guda.

"An ce kin faɗi, Malamar Faɗuwa."

Sunan da yake tsokanarta da shi ke nan, don darasinta na farko ga kowane ɗalibi shi ne yadda ake faɗuwa.

"Seabata, ba lokacin wasa ba ne..."

"Na sani, zuciyata. Na sani."

"Mu gudu kawai! Mutum nawa suka yi haka? Daga baya a kai shanu a ba da haƙuri."

Ya girgiza kai a hankali.

"Mutumin da aka ƙwace wa ɗa, ni kuma in sace masa 'ya? Ba zan iya ba, Kana. Ko da zan mutu da sonki."

"To ni fa? Ka san Madam Gertraud tana jiran amsata!"

Ya sani. Duk shekara in ƙanƙarar Lesotho ta narke, Kananelo sai ta haɗa jaka ta bi hunturu zuwa wani ƙauye a Ostiriya, can Turai, inda take riƙe da sashen yara a makarantar zamiyar wata tsohuwa, Madam Gertraud. In tasu ta narke a can, ta dawo gida ta tarar da wani sanyin. Shekara da shekaru ba ta ga damina ba. Yanzu tsohuwar ta gaji, tana so ta danƙa mata makarantar gaba ɗaya. Sharaɗi ɗaya ne: mai riƙe da makaranta ba ya tafiya ko'ina, rani da damina.

In ta karɓa, ta bar Maluti ke nan.

"Aure kaɗai zai sa in ce mata a'a," ta ce. "In babu kai, zaman me zan yi a nan? In riƙa ganinka kullum kamar baƙo?"

Ta fice tana share hawaye da bayan safar hannu.

A ɗakin ajiye kaya ta ci karo da Puseletso, mataimakiyarta, tana shafa jan-baki a gaban madubi.

"Ausi Kananelo, 'yar'uwa, sannu fa. Na ji abin da ya faru... Kai, tsofaffin nan!"

Kananelo ta tsaya tana kallonta. Sai ta tuna ranar Lahadi an ce an ga Puseletso a ƙauyensu, wai ta je gaida gwaggonta.

"Ke ce."

"Ni ce me?"

"Ke kika gaya wa Ntate!"

Puseletso ta rufe jan-bakin, ta ɗaga kafaɗa. "Hira ce ta kawo hira. Yabon Abuti na yi, Yaya Seabata. Na ce duk ƙasar nan ba mai iya haɗa ƙanƙara mai laushi kamarsa. Laifi ne?"

"Munafuka!"

"A'a, ausi, riƙe bakinki. Ke da kike da Turai a aljihu, me za ki yi da mai gyaran famfo? Ki tafi abinki. Makarantar nan akwai mai riƙewa." Ta gyara gashinta. "Shi ma akwai mai riƙewa."

Ba don an kira ta ɗalibai na jira ba, da ranar an ga abin da ba a taɓa gani ba a ɗakin kayan nan.

Da yamma ta hau gida. Mahaifinta na zaune a bakin garke, lulluɓe da bargonsa mai ruwan toka, yana fere sanda.

Ta durƙusa.

"Ntate, don Allah..."

"Na gama magana."

"Mutumin kirki ne! Ɗan makiyaya ne kamarka, a bayan tumaki ya tashi."

"Shi ya sa abin nasa ya fi muni. Ya san abin da take yi wa mutum da dabba, ya je yana ƙera ta da hannunsa don baƙi su yi dariya." Bai ko dube ta ba. Rabon da ya dube ta ido cikin ido tun ranar da ta fara ɗaura katako a ƙafa. "Ke ma wasa kike a kan abin da ya kashe yayanki."

Maganar ta soke ta har ƙashi.

Mahaifiyarta, Mme Malebusa, ta ja ta ɗaki, ta tura mata kwanon tuwon masara da ganye. Ta ture kwanon gefe.

"In an rufe fili ranar Asabar," ta ce a hankali, "zan kira Madam in ce na karɓa."

Mme Malebusa ta juya baya tana gyara wuta, don kada 'yarta ta ga idonta.

Ranar Juma'a aka wayi gari sama ta yi baƙi ƙirin.

Ƙarshen Agusta ne, ƙarshen hunturu a ƙasar, kowa ya saki jiki cewa sanyi ya wuce. Kafin hantsi dusa ta fara zuba, ba irin ta injin Seabata ba, ta gaske, mai nauyi, mai haɗiye hanya da dutse. Aka rufe titi. Baƙi suka taru a bakin taga suna ta ɗaukar hoto.

Wayar Kananelo ta yi ƙara.

"Kana! Kana, babanki!" Kuka ya hana mahaifiyarta magana. "Tun da asuba ya hau mashekari zai sauko da tumaki... Dokin ya dawo shi kaɗai!"

Mashekari.

Hanyar Lebusa.

Ba ta san lokacin da ta isa ɗakin injuna ba. Tana faɗa masa, Seabata ya riga ya fara ɗaura takalmi.

"Doki ba zai iya ba, mota ba za ta iya ba," ya ce. "In igiyar da ke jan masu zamiya sama ta kai mu ƙololuwa, mu bi ta doron tudun mu gangara masa ta baya."

"Wa zai kunna mana injin? Duk an sallami ma'aikata!"

"Ni."

Suka juya. Puseletso ce a bakin ƙofa, ba jan-baki, fuskarta ta yi fari fat.

"Ba don ke ba," ta ce wa Kananelo, tana kau da kai. "Ubana ma makiyayi ne. Ku yi sauri, dalla!"

Igiya ta ja su sama cikin iska mai yanka kunne. Daga ƙololuwa suka yanki doron tudun, wuri siriri da ko gadon jan wanda ya ji rauni ba zai bi ba. Kananelo a gaba, Seabata a baya yana kiran sunanta lokaci-lokaci don kada farin hazo ya raba su.

Kukan tumaki suka fara ji.

Sai ga bukkar dutse ta mashekarin, dusa ta binne ta har rabi. A ciki Ntate Sekhoane na tsugune, ba wuta, gemunsa ya daskare, tumaki sun kewaye bukkar sun cure wuri guda.

"Ntate!"

Ta faɗa jikinsa. Yana da rai. Hannayensa kamar ƙarfe, amma yana da rai!

Ya dube ta, ya dubi wanda ke bayanta.

"Wannan fa?"

"Ni ne mai ƙera ta, Ntate," in ji Seabata, ya cire hula ya rusuna. "Amma ta yau ba aikina ba ce. Tawa ba ta kai wannan rashin kunya ba."

Tsohon ya yi tsaki.

"Tashi mu tafi, Ntate. In rana ta faɗi a nan..."

"Da wace ƙafar? Taku uku na yi na nutse har ƙugu. Kuma ba zan bar dabbobina ba. Ku koma inda kuka fito."

Seabata bai yi gardama ba. Zama ya yi a ƙasa, ya kwance takalman zamiyarsa, ya tura su gaban tsohon tare da katakon.

"Ba ni takalman robarka."

"Me?"

"Kai ka bi 'yarka a kan katako. Ni zan fasa wa tumaki hanya da ƙirjina, su biyo ni. Na yi wa ubana haka ina yaro."

"Seabata, a'a!" Kananelo ta riƙe masa hannu. "Da ƙafa? A wannan dusar?"

"In ban ɗauki tumakin ba, ba zai motsa ba. Kin fi ni saninsa." Ya matse yatsunta. "Je ki, masoyiyata. Yau ki yi aikinki kamar ba ki taɓa yi ba."

Tsohon yana ta harare-harare suka cusa masa takalman.

"Ƙafar ɗan banza kamar kwale-kwale," ya yi gunaguni.

A waje ta tsayar da shi a kan katakon.

"Darasi na farko, Ntate: faɗuwa."

"Ni za ki koya wa faɗuwa? Da furfurata?"

"Kowa da ita yake farawa. In ka ji za ka tafi, kada ka yi kokawa. Zauna ta gefe, kamar za ka zauna a fatar tunkiya. Gwada."

"Ba zan..."

Katakon ya zame, ya zube.

"Madalla! Ka iya. Yanzu tashi."

Ta juya baya ga gangaren, ta kama ƙarshen sandarsa ta kiwo, shi ya riƙe ɗaya ƙarshen.

"Kada ka dubi ƙasa. Ni za ka kalla."

Ya dubi ƙasa. Suka faɗi tare.

"Ntate, ni! Fuskata!"

A karo na uku ya ɗago ido ya sauke a kanta.

Suka fara tafiya.

A hankali, a hankali, ita da baya, shi yana bin ta kamar jariri mai koyon tatata. Tana yi masa magana da muryar da take yi wa yaran Turawa masu kuka. Lanƙwasa gwiwa... yauwa. Saki kafaɗa. Kana yi, Ntate, kana yi! Shi kuwa ya kasa ɗauke ido. Ashe tana da ɗan tabo a gira. Ashe idanunta irin na Lebusa ne sak. Yaushe yarinyar nan ta zama mace haka bai sani ba?

Suka zo daidai tarin duwatsun da aka yi alama da su a gefen hanya.

Ba sai an faɗa ba. Nan aka tsinci Lebusa.

Daga nan ana hango hayaƙin ƙauye.

Tsohon ya tsaya, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya dubi duwatsun, ya dubi hayaƙin, ya dubi katakon da ke ƙafarsa.

"Kusa haka..." ya ce. "Da yana da wannan abin a ƙafarsa..."

"Da ya iso gida kafin tuwo ya huce," ta ce.

Hawaye suka ɓalle mata.

"Don shi na koya, Ntate. Ba wasa na je yi ba. Na rantse ba za ta ƙara cin wani nawa ina kallo ba."

Hannunsa ya saki sandar, ya kai fuskarta, ya share mata hawayen da babban yatsa kafin su daskare.

"Ja mu je, Malama," ya ce.

Da suka shigo ƙauye Mme Malebusa ta fito da gudu, ta ga mijinta a kan katakon zamiya, bargo na kaɗawa, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta yi duka biyun.

Aka sa shi gaban wuta, aka ɗura masa kunun dawa mai zafi. Amma ya ƙi zama. Ya koma bakin garke ya tsaya yana kallon dutse.

Kananelo na gefensa.

Rana ta yi ƙasa. Dusa ta tsagaita. Ba kowa.

"Allah, kada ka yi mini haka sau biyu," ta ji mahaifinta yana raɗa.

Maza sun fara haɗa fitilu da igiyoyi, har da Kawu Mokete da ya iso a kan dokinsa, sai wata mata ta ƙwala ihu.

"Ga su can!"

Wani baƙin ɗigo ne a cikin farin, yana tafe yana faɗuwa yana tashi. A bayansa tumaki sun yi layi ɗaya cikin ramin da ya fasa da jikinsa.

Kananelo ta ruga.

Seabata ya iso yana tangaɗi, ɗan rago sabon haihuwa a cikin rigarsa. Fuskarsa ta tsattsage, leɓɓansa na jini, girarsa ta yi fari fat.

"Na faɗi ya fi sau ɗari," ya ce da ƙyar. "Ta gefe... kamar yadda kika koyar."

"Yi shiru, wawa! Yi shiru..." Ta rungume shi da ragon duka, a gaban kowa.

Aka shigar da shi ɗaki, maƙwabta suka cika ƙofa. Ntate Sekhoane ya daɗe a tsaye yana kallon saurayin da ke sanye da takalman robarsa.

"Malebusa," ya ce, "miƙo mini ƙwaryar man shanu."



Tsohon ya durƙusa da kansa, ya ɗebo man da yatsu, ya shafa a goshin Seabata. Ya shafa a kumatu. Ya bi duk inda sanyi ya tsaga, a hankali, kamar mai shafa wa jariri.

Kananelo ta toshe baki da hannu biyu.

"Ntate..." in ji Seabata, "wannan na magani ne, ko...?"

"Rufe bakinka, mai zai shiga." Ya ƙara lafta masa wani. Sannan ya waiga. "Ina Mokete? Zo nan da busasshiyar fuskarka, tsohon banza. Ba a ba ango a hana ɗan aike."

Guɗar da Mme Malebusa ta rangaɗa sai da tumaki suka firgita a garke!

Kawu Mokete ya miƙa fuska yana washe baki. "Zuba da yawa, Sekhoane. Kunyar da ka ba ni ranar nan sai da ludayi!"

"Amma da sharaɗi," in ji tsohon, ya nuna Kananelo da yatsa mai maiƙo. "Bikin nan da damina za a yi shi. Ina so 'yata ta ga alkama ta yi kore ko sau ɗaya. Sannan in sanyi ya dawo, duk makiyayin da ke kwarin nan ki koya masa abin nan naki. Har da faɗuwar."

Washegari ta kira Madam Gertraud. Ta ce mata makarantar gaba ɗaya ba za ta iya ba, tana da wata a gida da ba a ko gina ba tukuna. Sashen yara kuwa za ta ci gaba da zuwa, ban da bana. Bana za ta turo wata ƙwararriya a madadinta, mai son jan-baki.

"Puseletso?" Seabata ya zaro ido. "Lada kika ba ta?"

"Ta kunna mana inji." Ta ɗan murguɗa baki. "Kuma Ostiriya da nisa."

Ranar bikin, cikin Janairu, tsakiyar daminar ƙasar, Kananelo ta fito daga ɗaki da sabon bargon amarci a kafaɗa, ta tsaya cak.

Duwatsun da ta sani farare sun yi kore shar har sama. Ruwa na gangarowa ta ko'ina. Alkama na kaɗawa a hanyar mashekari, har gindin tarin duwatsun Lebusa.

"Ashe haka garinmu yake..." ta ce a hankali.

Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta taɓa, ta duba yatsanta kamar ba ta san mene ne ba.

Seabata ya matso, ya kama hannayenta biyu, ya fara tafiya da baya-baya yana jan ta zuwa cikin taron.

"Kada ki dubi ƙasa, Malama," ya ce. "Ni za ki kalla."